Mai Askin da Ya Ce Ɗansa Ya Gagare Shi

An yi wani mutum mai aski. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya da benci, da madubin da gefensa ya fara baƙi. Ya iya aski, wannan kam ba mai musu. Zuciyar ce ba ta da faɗi.

Sai wani saurayi ya buɗe shagon aski a tsallaken titi, ya kafa madubi daga bango zuwa bango. Mutane suka fara tsallakawa can. Mutumin nan kullum yana leƙe da almakashi a hannu, abin na cin ransa.

Wata rana yana yi wa masinjan kotu aski, hira ta biyo ta kan yara. Masinja ya ce, "Ai kotun yara ba kamar ta manya ba ce. Yawanci faɗa za a yi wa yaro, a miƙa shi ga ubansa." Ya 'yan uwa, wani in ya ji haka sai ya ji daɗi ana tausaya wa yara. Shi kuwa mai aski ƙofar ɓarna ya gani.

Yana da ɗa mai shekara goma sha uku, yaro mai ladabi. Ya jira saurayin ya fita cin abinci, ya sa wa yaron dutse a hannu, ya ce, "Ka ga madubin can? Ko an kama ka ba abin da za a yi maka. Kada dai ka ambace ni."

Madubi ya tarwatse, maƙwabta suka riƙe yaro.

Kotun ba irin wadda uban ya zata ba ce. Ɗaki ne mai tebur ɗaya, ba 'yan kallo. Alƙali ya zaunar da yaron kusa da shi, ya sa aka ba shi ruwa, ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka?" Yaro ya dubi ubansa. Uba ya dubi ƙasa. Yaro ya ce, "Ba kowa."

Alƙali ya juya ga uban ya tambayi halin yaron a gida. Nan tsoro ya kama mutumin, kada a gano da hannunsa. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi yaron nan ya gagare ni. Ba ya jin maganar kowa. Na yi, na yi, na gaji."

Abin da masinja bai gaya masa ba shi ne, ana miƙa yaro ne ga uban da zai iya riƙe shi. Da ya ce, "Ɗana ne, zan kula da shi," da tare za su koma gida. Amma uba ya rantse ya kasa. Wa za a ba? Alƙali, ba da son ransa ba, ya tura yaron gidan gyaran hali.

Can yaron ya faɗa wa uwarsa gaskiya da ta je duba shi. Ta dawo ta kwashe kayanta, magana kuma ta fita. To, wa zai miƙa wuyansa ga rezar mutumin da ya yi wa ɗan cikinsa haka? Benci ya zama wayam. Shi kuwa kunya ta hana shi zuwa ganin yaron ko sau ɗaya. Kun san wanda ya riƙa zuwa? Saurayin da aka fasa wa madubi.

Da yaron ya fito, a shagon saurayin ya kama koyon aski. In ya haɗu da ubansa a hanya yakan rusuna ya gaishe shi, kamar yadda ake gaida kowane dattijo. Amma bai sake ce masa Baba ba.

Ya 'yan uwa, abin nan yana ba ni tausayi. Hassada ta sa shi ɓarna, tsoro ya sa shi rantsuwar ƙarya. Sassaucin da aka yi domin yara amana ce, ba mafakar manya ba ce. Wanda ya ɓuya a bayan ɗansa, in ya tsira daga alƙalin duniya, ina zai ɓuya ranar da hannu da harshe za su yi shaida?

Har yau yana zaune a shagon, ba kowa a kujera. In ya ɗaga kai, yana hango ɗansa a cikin sabon madubin tsallaken titi.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sharrin hannayenmu. Amin.