Ƙaramin Kunkurun Birnin Ƙirya

An yi wani sarki a zamanin da ya shuɗe, a wata alƙarya da ake kira Birnin Ƙirya, sunansa Ɗalhatu. Mutum ne mai kwarjini da yawan kyauta, sai dai Allah ya jarrabe shi da mutuwar 'ya'ya, har furfura ta cika masa gemu bai ga ɗansa ko ɗaya ya kai yaye ba. Da aka haifa masa ɗa namiji a kan tsufa, aka raɗa masa suna Bashari, sai ƙanen sarki, Ciroma Yahuza, ya kawo 'ya'yan kunkuru biyar a cikin ƙwarya, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gonarsa, ya ce a ajiye wa yaro su girma tare, tun da kunkuru dabba ce mai tsawon rai. Sarki ya yi murna, ya sa aka yi musu shinge a bayan turakarsa.

Bayan 'yan shekaru, huɗu daga cikinsu suka kai girman akushi, amma na biyar bai wuce tafin hannu ba, ƙoƙon bayansa kuwa in an danna sai ya lotsa. Shi ma Bashari haka ya kasance: tsararsa suna guje-guje, shi ko tsayuwa ba ya iya yi, ƙafafunsa sirara kamar kara. Daga nan raɗa ta tashi a fada, cewa Ciroma ya ɗaure ran yaron a jikin ƙaramin kunkurun da sihiri, domin in babu Bashari shi ne zai gaji sarauta. Maganar ta shiga kunnen sarki, ta zauna a zuciyarsa, har ya zamana kowace safiya sai ya fara leƙa kunkurun kafin ya tambayi lafiyar ɗansa. Ranar da dabbar ta ƙi cin abinci, ya sa aka kama Ciroma aka sa masa mari.

Sarki ya kira wazirinsa, Mu'azu, wani dattijo masanin shari'a, ya ce masa: "Waziri, na damƙa maka wannan al'amari. Ka binciko abin da aka yi wa dabbar nan, ka warware shi kafin damina ta ɗauke. Idan ta mutu a hannunka, kan Ciroma zai faɗi, naka kuma ya bi shi."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce: "Allah ya ja zamanin sarki, na ji na karɓa. Abu ɗaya nake roƙo, kada a taɓa Ciroma sai na dawo da jawabi."

Ya fita yana sane cewa sarki bai taɓa janye magana ba. Bai nemi boka ba, bai buɗe littafi ba. Tabarma ya shimfiɗa a gefen shingen, ya zauna yana kallo tun daga hantsi har la'asar, kwana da kwanaki, fadawa na wucewa nesa da shi kamar wanda aka riga aka yi wa salla. Daga bisani ya ɗauke ƙaramin kunkurun ya kai shi gidansa, ya ajiye shi inda rana ke sauka da safe, ya yayyanka masa ganyen rama da kabewa ƙanana-ƙanana. Amma dabbar ta janye kanta cikin ƙoƙo, ba ci, ba motsi. Waziri ya riƙa kai ta kusa da hancinsa yana shinshinawa, ko ta fara wari.

Ana cikin haka Shamaki Jatau, amininsa tun ƙuruciya, ya zo masa da wani abu a lulluɓe cikin hannun riga. Da ya buɗe, sai ga ɗan kunkuru lafiyayye, ya ɗan fi wancan girma.

"Malam, daga daji na sa aka kamo shi," in ji Shamaki, murya ƙasa-ƙasa. "Ka binne wancan, ka kai wannan. Sarki zai ce ya girma, ka tsira, Ciroma ya tsira."

Waziri ya daɗe yana duban dabbar, kuma Allah ya sani ransa ya so. Sannan ya ce: "Shamaki, na gode da ƙauna. Amma in na kai wannan, na tabbatar wa sarki cewa ran ɗansa yana cikin ƙoƙon kunkuru. Ranar da wannan ya yi mura, wa za a yanka? Mai da shi inda aka samo shi."

Shamaki ya tafi yana share hawaye. Sai da aka yi kwanaki, wata safiya waziri ya zuba ruwa mai ɗumi a kasko ya tsoma dabbar, sai ga kai ya fito a hankali, ya sha, sannan ya miƙa wuya ya ciji ganye. Waziri ya yi hamdala. Haka ya ci gaba da kula da shi har ya fara yawo a tsakar gida, ko da yake girman da ya ƙara sai mai lura ne zai gani.

Da ruwan sama ya fara ja baya, waziri ya roƙi sarki ya fito bakin shingen da hantsi. Ya mai da ƙaramin cikin 'yan'uwansa, ya sa aka zuba abinci a kasko ɗaya kamar yadda aka saba. Nan take manyan suka taho, suka bi ta kansa, ɗaya ya ture shi ya kife, yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu a sama, har suka cinye komai. Suka wuce suka cika ɗan wurin da rana ke shigowa, domin an rufe saman shingen da zana saboda tsoron shaho.

Waziri ya ce: "Allah ya ba ka nasara, ga sihirin nan ka gani da idonka. Ya fito daga ƙwai da rauni, manya suka riga shi ga abinci, suka riga shi ga rana. Kullum suna ƙara ƙarfi, kullum yana ƙara baya. Ba a ɗaure shi da komai ba."

Sarki ya ce: "To, ɗana fa?"

"Ni ba mai magani ba ne, ranka ya daɗe. Abin da na sani shi ne, tun da aka haife shi yana ƙuryar ɗaki saboda tsoron bakin mutane, rana ba ta taɓa ganin jikinsa ba, masu maganin fada kuma kowa ya kama bakinsa, domin suna tsoron abin da zai sami wanda ya faɗi maganar da ba a so."

Sarki ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar waziri, ya ce: "In na saki Ciroma, yaron kuma ya mutu?"

Dogarai suka dafa takubbansu. Waziri ya ce: "In ya mutu, Allah ne ya karɓi abinsa, kamar yadda ya karɓi 'yan'uwansa tun kafin a kawo kunkuru gidan nan. Sai dai a ranar za ka rasa ɗa kawai. In ka kashe Ciroma, ka rasa ɗa, ka rasa ƙane, ga jini a wuyanka har gaban Ubangiji."

Sai sarki ya sunkuya, ya sa hannu ya birkito ɗan kunkurun da ke kife, ya juya ya nufi kurkuku da ƙafarsa. Da aka cire marin, Ciroma ya dubi raunukan idon sawunsa ya ce: "Yaya, na yafe maka duniya da lahira. Amma ka yi mini izini in koma gona, ba zan iya sake kwana a birnin nan ba." Sarki ya yi kuka, ya bar shi ya tafi.

Aka fito da Bashari tsakar gida, masu magani suka saki baki suka yi aikinsu. Ya yi tafiya a makare, kuma da ɗingishi ya rayu har tsufansa. Kunkurun ma ya girma, amma ƙoƙonsa bai taɓa daidaita ba.

Sarki ya tara jama'a, ya yafa wa Waziri Mu'azu alkyabbarsa, ya ba shi doki da gonaki, ya kuma yi doka cewa ba za a sake zartar da hukuncin jini a ƙasarsa ba sai waziri ya bincika, ko da sarki ne da kansa ya yi ƙara.

Ku sani, ya ku masu hankali, mai mulki in ya tsorata ya fi azzalumi haɗari, domin azzalumi ya san yana zalunci, mai tsoro kuwa yana zaton kariya yake yi. Adalci yana farawa ne daga lokacin da shugaba ya yarda ya zauna ya duba kafin ya yanke.