Bokan Zaɓe Mai Fuska Biyu

An yi wani mutum a nan jiharmu ta Pennsylvania a Amurka. Ba zan kama sunansa ba, domin danginsa suna raye. 'Yan siyasa dai Bokan Zaɓe suke kiransa.

Ya 'yan uwa, kun san halin da muke shiga duk shekara huɗu. Waya ba ta hutawa, ƙofa ba ta hutawa. Ka kunna talabijin ka kalli ƙwallo, sai talla ta bi talla. Wasu jihohin ko kallo ba su ishi 'yan takarar shugaban ƙasa ba, mu kuwa 'yan jihar raba-gardama kowa zawarcinmu yake yi. To, wannan mutum shi ne mai nuna wa ɗan takararsa inda zai zuba dala. Ya ɗora yatsa a kan gari a taswira, washegari gidajen rediyon garin sun cika da talla. Ya ɗauke yatsa, garin ya koma kamar an yi ruwa an ɗauke.

Allah ya ba shi kaifin kai. Amma me ya yi da shi?

Ya lura cewa a yammacin jihar nan mutane sun rabu biyu a kan haƙar iskar gas. Ma'aikata suna so, don da ita suke ci da iyali. Manoma da yawa ba sa so, don suna kukan ta ɓata musu ruwan rijiya. Kowane ɗan takara yana tsoron maganar. Boka ya yi dariya ya ce, "Don me za mu zaɓi ɓangare? Kowa da wayarsa a aljihu. A aika wa kowa abin da kunnensa ke so."

Rigimar nan kuwa har cikin gidansu ta shiga. Wansa Wendell makiyayin shanun madara ne, ruwan gonarsa ya lalace, shanunsa sun mutu a gaban idonsa. Mijin ƙanwarsu Lorraine, mai suna Casimir, a rijiyar gas yake aiki. Shekaru Wendell da Casimir ko gaisuwa ba sa yi.

Boka ya tafi gona, ya rungume wansa. Ya ce, "Yaya Wendell, na rantse da kabarin Baba, in mutumina ya hau, haƙar nan ta ƙare. Tsaya gaban na'urar ɗaukar bidiyo ka faɗa wa duniya." Wendell ya tsaya a bakin garken da ya zama kango, ya faɗa, har da hawaye.

Daga nan Boka bai zame ko'ina ba sai gidan Casimir. Ya ci abincin ƙanwarsa, ya goge baki, ya ce, "Suruki, na rantse da kabarin Baba, in mutumina ya hau, rijiyoyi ninkawa za su yi. Aikinka har jikokinka." Casimir ya sa hular aikinsa, shi ma ya faɗa.

Kabari ɗaya, rantsuwa biyu, a yini ɗaya! Ina tsoron Allah?

Ya ɓoye tallan biyu sai makon ƙarshe, sannan ya sake su. Na Wendell ya shiga wayoyin manoma, na Casimir ya shiga na ma'aikata. Ya 'yan uwa, abin ya ci! Ɗan takarar da ake ganin ya faɗi ya miƙe tsaye. Ofishinsu ya kaure da tafi, ana ɗaga Boka sama. Masu kuɗi suna bugo waya suna cewa, "Nawa kuma kake so?"

Nan girman kai ya shige shi. Ya ce gangamin ƙarshe a garinsu za a yi, a filin ƙwallon makarantar da ya yi, don waɗanda suka san shi yana yaro su ga abin da ya zama. Abokiyar aikinsa Rosalind ta ce masa, "Kai, kada ka tara mutanen nan a fili ɗaya. Wuta da auduga ke nan." Ya ce, "Ke dai kawo motoci. In makaɗa suka fara, wa ke jin maganar wani?"

Ranar Asabar da hantsi motoci suka yi ta sauke jama'a. Ina wurin, da idona na gani. Ga makaɗan makaranta, ga tutoci, ga ƙamshin naman gashi, an kafa wani allon majigi kamar bangon bene. Manoma suka cika gabas, ma'aikata suka cika yamma, kowa yana murna yana mamakin me ya kawo ɗaya ɓangaren.

Sai jirgin ɗan takara ya makara. Sanyi ya fara cin mutane, wasu suka kama hanyar fita. Boka ya ga 'yan jarida suna ɗaukar kujerun da aka bari, hankalinsa ya tashi. Ya daka wa masu majigi tsawa, "Me kuke jira? Ku sa musu tallanmu! Duka, duka!"

Da bakinsa ya faɗa. Ba wanda ya yi masa makirci.

Fuskar Wendell ta cika allo: "Ya yi mana alkawari zai rufe rijiyoyin nan." Gabas ta ɗauki sowa har ƙasa na girgiza. Sowar ba ta gama sauka ba sai ga Casimir da hularsa: "Ya yi mana alkawari zai ninka rijiyoyin nan."

Filin ya yi tsit. Ko mai ganga ya tsaya da sanda a sama.

Wani tsoho ya ɗaga murya, "To, wa aka mayar jaki a cikinmu?" Aka amsa masa daga can yamma, "Dukanmu, Baba!" Sai ihu ya ɓarke. Ana jifa da tutoci, ana yayyaga hotuna, dubban wayoyi a sama suna ɗauka. Wendell ya ratsa tsakiyar fili, Casimir ya taho daga nasa ɓangaren. Mutane suka dare, an zaci dambe za a yi. Suka tsaya suka kalli juna, sannan suka juya tare suka kalli Boka a kan dandamali.

Kafin jirgi ya sauka, ƙasa duka ta gani. Ɗan takara ya fito ya ce shi bai san da wannan aiki ba, ya kuma kori wanda ya yi. Mutumin da jiya yake kiransa ɗan'uwa! Ranar Talata da aka yi zaɓe jihar ta kuɓuce musu da ƙuri'u kaɗan, kujerar shugaban ƙasa ma ta tafi da ita. Duk wanda ya zuba kuɗi, sunan Boka yake tsine wa. Ya buga waya ofis-ofis, ba mai ɗauka.

Da bikin godiya na Amurkawa ya zo a ƙarshen watan, ranar da dangi kan taru su ci abinci, ya sayi waina mai kabewa ya nufi gidan ƙanwarsa. Ta taga ya hango talotalo a kan tebur, ga Wendell ga Casimir kafaɗa da kafaɗa, suna miƙa wa juna kwano. Ya ƙwanƙwasa. Lorraine ta buɗe ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Wanne ne ya zo? Na manoma ko na ma'aikata?"

Ya ce, "Lorraine, ni ne fa, yayanki."

Ta ce, "Shi wannan da kabarin wa zai rantse?" Ta mayar da ƙofa ta rufe.

Yau yana wata jiha shi kaɗai. Ko lokaci ya faɗa wa mutum, sai an duba agogo.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce wannan na manyan 'yan siyasa ne. Kai da kake zuwa wa maigida da magana ɗaya, ka je wa abokin aiki da wata, fa? Ke da kike yabon maƙwabciya a gabanta, ki yanka ta a waya, fa? Malamanmu sun karantar da mu cewa mai fuska biyu yana cikin mafi sharrin mutane. Shi wancan a filin makaranta aka haɗa masa maganganunsa. Akwai filin da za a tara na farko da na ƙarshe, a can ba mai fita don sanyi, kuma gaɓoɓinka ne za su ba da shaida.

Ya Allah, ka daidaita harshenmu da zuciyarmu. Ka sa abin da muke faɗa a gaban mutum shi ne muke faɗa a bayansa. Allah ya kiyaye mu da tonon asirin duniya da na gobe kiyama. Amin.