Kwamfutar da Namiji Ba Ya Kallo

To, ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku. Ke mai latsa waya, kife ta, don har da ke nake. In na gama akwai shari'ar da za ku yanke, kuma ba zan maimaita wa kowa ba.

Maƙwabciyata ce Karime mai hoto, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da wani abu. Sana'arta ɗaukar hoton biki, amma na cikin gida: ranar ƙunshi, ranar kamu, ranar wuni, inda mata ke yar da mayafi su cire ɗankwali su cashe son ransu. Duk garinmu ita kaɗai ake bari ta shiga irin wannan wuri da kyamara, saboda magana ɗaya da ta yi tun farko ta kuma riƙe ta, cewa idon namiji ba zai taɓa sauka kan hoton da ta ɗauka ba. Ba ta kai wankin hoto shago. A ɗakinta take zubawa a kwamfuta, ta gyara, ta buga da injinta, ta liƙe a ambulan, ta kai wa mai shi hannu da hannu. A cikin kwamfutar nan akwai matan malamai, akwai matan 'yan kasuwa, akwai zawarawa masu jiran manema. Har ni ina ciki, ina rawar da ban fatan jikokina su gani. Da hotunan nan za su fita gari, aure nawa ne zai girgiza, Allah kaɗai ya sani.

Sai kwamfutar ta fara nawa. Da, kafin a ce kwabo ta buɗe. Aka wayi gari sai a kunna ta, a ɗora tukunya, a tuƙa tuwo, a kwashe, a dawo a tarar tana ta juya ɗan zoben nan nata. In ta ga dama ta buɗe, sai tallace-tallace su yi ta faɗowa, wannan na maganin ƙiba, wancan na caca. Karime ta ce tsufa ne. Ta ɗinka mata riga wai ko ƙura ce, tana kuma bubbuga ta da tafin hannu kamar tsohuwar rediyo. Ni da ban san komai ba na ce mata, abin da ya canza hali haka dare ɗaya a bincike shi. Ta ce in ji da tukunyata. Wata uku ana wannan shirme, ni ina jin tsakinta ta kan katanga har ya ishe ni.

'Ya'yanta uku ne. Babban shi ne Lawandi, gyaran kwamfuta yake yi a Kano. Mai bi masa Rumasa'u, malamar firamare ce, tana aure a unguwar gaba. Sai auta Habashiya, ma'aikaciyar jinya. Kowannensu ga abin da ya yi.

Habashiya ce ta zo gaisuwa wata Asabar da hantsi, uwar tana madafa, an bar kwamfuta a kunne tana abin da ta saba. Sai ta lura 'yar fitilar na'urar intanet tana ta ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, alhali ba wanda ke taɓa komai. Tana tsaye kuma ɗan idon kyamarar da ke saman allo ya kawo haske ya ɗauke. Ita ba ta san gyara ba, amma aikinta ya koya mata cewa mutumin da ke kwance shiru kuma zuciyarsa na gudu, akwai abin da ke cinsa a ciki. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta fizge na'urar intanet ɗin, ta jefa a jaka, ta yi tafiyarta. A ranar kuwa Karime za ta tura wa wata amarya da aka kai Yamai hotunanta, dangin miji duk suna jira. Kada ku so ku ga tashin hankali. Sau uku ana aike gidan Habashiya, na ukun ni aka tasa da tsufana, cikin rana. Yarinyar nan ta dube ni ta ce, “Gwaggo, ko Inna za ta shekara tana fushi da ni, ba zan mayar ba sai Yaya ya zo ya duba.” Haka na dawo hannu rabbana, na sha faɗan da ba nawa ba. Mako guda uwar ba ta amsa gaisuwarta, ita kuwa kullum sai ta kira yayanta a waya har ya gaji ya rufe shagonsa ya taho.

Lawandi ya iso da jakarsa da filas ɗinsa, 'yar na'urar nan da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da maganin ƙwayar cutarta, yana ganin aikin awa biyu ne. Sai ya tarar da uwarsa ta tare ƙofar ɗaki. Kun san ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Bango ta kalla ta ce, “A gaya wa wancan, in gyara ya zo yi ya gyara, amma ba zai kalli allon ba.”

Ya ce, “Haba Inna, likita yana duba mara lafiya ido a rufe?”

Ta ce, “A gaya masa ni ban sani ba, shi ya yi boko.”

Kuma da gaskiyarta, don Karime ba ta iya adana ba, a fuskar allon take baza hotuna kamar shanya, da an kunna sai ka yi ido huɗu da matar wani ba ɗankwali. Wani mai gyaran da ya ɗauki jakarsa ya koma tasha. Wani kuma da ya ce a goge komai a huta, hotunan shekara da shekaru su bi ruwa. Lawandi ya kifa turmi a bakin ƙofa, ya zauna ya juya wa ɗakin baya, aka saki labule, aka kira Rumasa'u ta zauna gaban kwamfuta. Daga nan yake ba da umarni. Ya sa aka kunna kwamfutar ta hanyar da ba ta farkawa da komai sai abin da ya zama dole. Ya sa aka karanto masa jerin manhajojin da ke tashi tare da ita, aka ƙirga arba'in da bakwai, ya riƙe kai ya ce goma ma sun yi yawa. Da kunne kawai yake tantancewa, wannan ta gida ce a bar ta, waccan baƙuwa ce a kashe ta. Ya sa aka saka filas ɗinsa aka fara bincike mai cin awa huɗu, ana awa ta uku wuta ta ɗauke, aka koma farko. Kwana biyu yana kan turmin nan, rana na dukansa, kaji na bi ta ƙafarsa.

A rana ta biyu muka ji Rumasa'u ta rafka salati a cikin ɗaki. Ta ci karo da wata ɓoyayyiyar ma'ajiya, ashe wata manhajar leƙen asiri ce ta tattara hotuna fiye da ɗari shida ta ƙulle su wuri guda, intanet kawai take jira ta aika wa masu ita. Ina kallon Lawandi, wuyansa ya motsa zai waiga, ya sa hannu ya dafe ƙeyarsa. Da la'asar Karime ta fita ta'aziyya. Ni da kaina, don haushi ya kai ni bango, na ce masa, “Kai ɗan nan, leƙa sau ɗaya mana ka gama mu huta, wa zai sani?” Ya ce, “Gwaggo, in na leƙa, maganar Inna ta zama ƙarya ko da ba wanda ya sani.” Kunya ta kama ni.

Rumasa'u kuwa ita ce ido, ita ce hannu. Sunayen nan marasa kan gado, harafi bayan harafi take karanto su, in ta tsallake ɗaya yayan ya daka mata tsawa ta bayan labule, ita ma ta rama, don bakinta ba ya ajiya. Ta bar 'ya'yanta wurin uwar miji, ta nemi wata malama ta riƙe mata aji. Da yammacin rana ta biyu aka gama, aka kunna, kwamfuta ta buɗe tun ba a gama bismilla ba. Muka yi hamdala. Washegari Lawandi har ya kai tasha aka kira shi, ciwo ya dawo. Ya koma kan turmi, aka sake wankewa tas. Gari ya sake wayewa, ga ɗan zoben nan yana juyawa kamar ba a taɓa yin komai ba. Lawandi ya rantse ba abin da ya bari, intanet kuma har lokacin yana jakar Habashiya. Iliminsa ya ƙare, ya fara zancen a goge komai.

Rumasa'u ce ta ce a dakata. Tun da ita ke kallon allon, ta lura da wata 'yar alama mai hoton fure, kullum sai sun cire ta, kullum da safe sai ta same ta a mazauninta. Manhajar gyaran fuska ce, mai share ƙuraje ta ƙara wa mace haske, amma a cikinta ta leƙen asirin take ɓuya. Ba intanet, to ta ina take shigowa? Sai ta tuna ƙullin da ke haɓar zanen uwarsu tun lokacin da kwamfutar ta fara nawa, wanda kowa ya ɗauka goro ne. Ashe filas ne. Wata mata ce ta ba Karime kyauta a gidan biki wata uku da suka wuce, ita ma haka aka ba ta. Amaren yanzu kuwa ba mai son ganin fuskar da Allah ya ba ta, kowacce so take ta fito sumul. Duk sanda yara suka cire manhajar, da safe kafin kowa ya zo sai Karime ta lallaɓa ta mayar, tana ganin ai sun yi kuskure ne sun goge mata kayan aiki. Araha ba ta ado, wannan kuwa ko arahar ba a biya ba.

To, wa zai gaya wa uwa ita ce mai laifi? Lawandi ba ya iya haɗa ido da ita. Habashiya tana cikin fushinta. Rumasa'u ta ɗaga labule ta fito tsakar gida, ba ta ja ta gefe ba, ba ta sassauta murya ba, a gabana da gaban wata mai tallan kuka da ta shigo ta ce, “Inna, ɓarawon nan ke kike buɗe masa ƙofa kullum. Kwance haɓar zanenki mu gani.” Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Karime ta ce ƙarya ne, ta ce rashin kunya ne, ta ce ita za a tozarta a gidanta. Rumasa'u ba ta gusa ba, hannunta a miƙe. Can dai uwar ta kwance ƙullin. Aka ta da Lawandi daga kan turmi, aka juyo turmin, aka jefa filas ɗin uwar ciki, Rumasa'u ta sa taɓarya. Aka yi wanki na uku, kuma tun ranar kwamfutar ba ta sake nawa ba. Ko hoto ɗaya bai fita ba. Sai dai kafin magariba mai tallan kuka ta kai labarin ƙullin zane gida bakwai.

Kwana biyu Karime ba ta leƙo ko zaure ba. A na uku ta tara su, ta sa aka kira ni. Ta ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara ashirin tana tsare amanar mata daga idon maza, ashe hannunta ne ya kusa tona musu asiri, don haka ba ta ƙara yarda da kanta ba. Hoto za ta ci gaba da ɗauka, amma ɗakin da kwamfutar mutum ɗaya za ta danƙa wa cikin su ukun, shi ne mai buɗewa, shi ne mai cewa a sa wannan, kada a sa wancan. Ta ciro makullin, ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sai kawai ta cusa mini shi a tafi, wai ni ce babba, in zaɓa.

Ku ji fa jarabar da aka ɗora mini. Ba don Habashiya ba, da hotuna sun tafi tun kafin a san ana ciwo, amma yarinya ce mai yanke hukunci ita kaɗai, ba ta kuma san gyaran komai ba. Ba don Lawandi ba, da ba wanda ya san abin da za a cire, kuma ya nuna ko an bar shi da allo ba zai kalla ba, amma namiji ne, matan gari za su ji makulli yana hannunsa, ga shi kuma a Kano yake. Rumasa'u ce ta gano ƙofar ɓarawo, ta kuma iya gaya wa uwarta gaskiyar da sauran suka kasa, ba don ita ba da har yau ana wanki ana maimaitawa. Amma bakin da bai rufa wa uwarsa asiri gaban mai talla ba, shi za a ba asirin matan gari?

Yau kwana tara makullin nan yana ƙarƙashin matashina, ɗakin a rufe, ranar Juma'a kuma akwai kamu a gidan Alhaji Ɗanjummai, amarya ta aiko sau biyu. Ni dai na gaji, kaina ya ƙulle. To, ku da kuka zauna kuka ji, wane ne a cikin su ukun ya fi cancanta in miƙa wa makullin?