Ɗakin da Dila Ya Auna da Igiya

Ku yi haƙuri da rubutuna, a ɓoye nake yi. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Garin dabbobi ne ya cika maƙil, baƙi kullum sai ƙaruwa suke, har Bushiya da 'ya'yanta suka rasa wurin kwana, ga damina ta matso. Sai Zaki ya sa Dila ya gina gidan da zai ɗauki kowa.

Dila ya ce adalci zai yi. Ya auna tsayin Giwa da igiya, ya ninka ta biyu ya ɗauki rabin, ya yi wa kowa ɗaki daidai wannan awo.

Ranar tarewa Bushiya ta iske dokin ƙofa ya fi ta tsayi. Ta yi tsalle, ta mirgino.

Ta ce, "Malam Dila, ta ina ake shiga?"

Ya ce, "Kayya, Iya! Irin na Giwa fa na ba ki sak. Na cuce ki?"

Ta duba, ga Giwa, hancinta kawai ya shiga nata. Akuya ta leƙo daga cikin ɗakinta tana tuƙa, ta ce, "Ni dai ban ga matsala ba."

Sai ruwa ya ɓarke. Giwa ta ce, "Ƙawata, ku shigo ƙarƙashin cikina."

Nan suka fake. Ƙaramin ɗan ya ce, "Inna, wa ya cinye mana ɗaki?"

Bushiya ta kalli ɗakin, fayau, a bushe. Ta ce, "Ba kowa, ɗana. Ga shi can yana jiranmu."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don… Na'am, Umma! Ina zu