Cukun da Ya Ƙi Taunuwa

Dalilin da ya sa cukun mutanen tsaunukan Nepal, wanda suke kira curpi, yake da tauri kamar tsakuwa, ku matso ku ji, yara. A da laushi gare shi, ko marar haƙori yana iya cinsa.

Akwai wani matafiyi, Tikaram, wanda cikinsa ne ke nuna masa hanya. Ya ci shinkafa da kifi a gangare, ya ci momo, ƙullin fulawa mai nama a ciki, da tururinsa a kwari, ya haɗiyi tuwon ɗiɗo da miyar busasshen ganye mai tsami a kan tudu. Tambaye shi gari, sai ya gaya maka miyarsu, mutanen kuwa ko a jikinsa.

Wata rana ya isa bukkar Dolkar, tsohuwa mai kiwon yak, shanun nan masu dogon gashi. 'Yarta Yangzom ta yi aure can gangare, gwiwoyin tsohuwar kuma sun daina sauka dutse. Kewa ta cinye ta.

"Babu," ta ce masa, wato "ɗana" a harshensu, "ko ka bi ta gidan Yangzom?"

"Na ci abinci a can, Ama," ya ce, wato "inna". "Amma ni ba na hira sai da abu a bakina. In na haɗiye, na tashi."

Ta miƙa masa cuku. Loma guda ya yi masa. "Tana lafiya, gishirin miyarta ne dai bai ji ba." Ya saɓa jakarsa ya wuce, ya bar ta da baki buɗe.

Dolkar ta yi kuka har ta gaji, sannan ta yi shawara. Ta matse cukunta ƙarƙashin duwatsu, ta yanka ƙanana, ta rataye a hayaƙin murhu har shekara ta zagayo.

Da Tikaram ya dawo, ta ba shi ɗaya. "Sharaɗin naka yana nan, Babu?"

"Yana nan."

Ya gartsa, haƙori ya ce bai san zancen ba. Girman kai ya hana shi tofarwa, dole ya zauna. Ya yi zancen kifi, ya yi na barkono, labarin abinci ya ƙare cuku ko gezau. Sai ya shiga laluben abin da idonsa ya gani bai kula ba.

"Furfura ta fara fito mata," ya ce a hankali. "Tana da 'yar ƙaramar yarinya mai irin goshinki. Kuma in za ta zuba abinci, takan fara ajiye kwano ɗaya a gefen da ke kallon tsaunuka. Na ɗauka mantuwa ce."

Dolkar ta rufe fuska da hannu. Kunya ta kama Tikaram, domin ya tuna shi ne ya cinye wannan kwanon.

Shi ya sa har wa yau mutanen tsaunukan nan suke busar da curpi ya yi tauri, in sun ba baƙo kuma sai su gyara zama, don sun san ba yanzu zai tashi ba.