Rigar Auta Mai Ratsin Fari da Shuɗi

Akwai wata mai ɗinki da aka manta sunanta na yanka, kowa Anti Gwana yake ce mata. A falon gidanta take aiki. Keke biyu a jikin taga, babban tebur a tsakiya, sai madubi mai tsayin mutum a bayan ƙofa. Ta fi shekara ashirin tana auna jikin mata, har ta kai idan ta kalle ki sau ɗaya za ta faɗi faɗin kafaɗarki ba ta ɗauko tef ba.

Hannunta na da kyau, wannan babu mai musu. Bakinta ne matsalar. Idan ta ga ɗinkin wani tela a jikin mace, sai ta kama gefen rigar da yatsu biyu kamar ta tsinci tsumma, ta ce, "Wa ya yi miki wannan aika-aikar?" Matan su yi dariya, tunda ba a kansu maganar take ƙarewa ba.

Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce mata Auta. A kantin magani Auta take aiki, har ranar da likita ya gano ciwon daji a mamanta na hagu. Aka yi aiki, aka cire shi gaba ɗaya.

A faɗi gaskiya, Gwana ta yi jinya. Ita ta ɗauko ta daga asibiti ta kawo ta gidanta. Ita ke wanke ciwon, ita ke canza bandeji, ita ke yi mata wanka lokacin da hannun hagu ba ya ɗaguwa. Bayan likitoci, babu wanda ya taɓa ganin tabon nan sai ita. Mutane sun san an yi wa Auta aiki, amma ba su san na mene ne ba.

"Yaya, don Allah ya tsaya tsakaninmu," in ji Auta.

"To wa zan faɗa wa?" in ji Gwana.

Wata takwas Auta tana cikin manyan riguna da Yayarta ta ɗinka mata, masu faɗi kamar buhu. Ba ta tsayawa gaban madubin falo. In za ta wuce shi sai ta kalli ƙasa.

Da lokacin komawarta aiki ya rage sati uku, sai ta dawo daga kasuwa da leda a hannu. Ta zazzage a kan tebur. Yadi ne mai laushi, irin mai miƙewa idan an ja shi, da ratsin fari da shuɗi a kwance.

"Riga nake so daidai jikina, wadda zan sa a ƙarƙashin farar rigar aiki. Na gaji da iyo a cikin kaya."

Gwana ta ja yadin ta saki, ta taɓe baki.

"Ratsi? Ke? Ratsi ba ya rufa wa kowa asiri. In gefe ɗaya ya fi ɗaya, layin zai karkace, makaho ma ya gani. Kuma wannan yadin ni kaina ba na karɓarsa, ɓata lokaci ne."

"Ba ke za ki ɗinka ba, Yaya. Aron tsohon keken kawai nake so."

Wannan maganar ce ta tsaya wa Gwana a wuya. A gidanta, a kan kekenta, a ce za a ɗinka riga ba a nemi hannunta ba. Ta ture keken da ƙafa ta ce, "Ga shi nan. In kin gama ɓarna ki share mini wurin."

Auta ta fara. Bakin yadin yana nannaɗewa duk inda almakashi ya bi. Keken yana tsallake ɗinki, wani wurin kuma allura ta huda yadin ta bar ƙananan ramuka. Gwana tana kekenta tana kallo ta gefen ido. Ta san maganin abin sarai. Allura mai kaifin baki ba ta yi wa irin wannan yadi, akwai mai dunƙulen baki da ke ratsawa tsakanin zare ba ta tsinka shi ba. Tana da kwalinta guda a cikin durowa. Ta bar shi a can, ta ci gaba da ɗinkinta.

Riga ta farko ta lalace. Auta ta sa ta, ta ɗaga hannu, ɗinkin gefe ya tsinke ɓas.

"Kin samu tsumman goge ƙasa," in ji Gwana.

Mai sayar da zare a kasuwa ne ya gaya wa Auta zancen allurar, ya kuma ce ta riƙa yin ɗinkin zigizag ƙanana don ya miƙe tare da yadin. Riga ta biyu ta riƙe, amma wuyan ya buɗe kamar bakin kwando, ratsin gaba da na baya kuma suka saɓa a gefe.

A ta uku ta nutsu. Ta wanke yadin ta shanya tukuna. Ta shimfiɗa shi a ƙasan ɗakinta falle ɗaya, ta yanka gaba daban, baya daban, tana ƙirga ratsi daga hammata zuwa ƙugu. Kowane layi sai ta soka masa fil kafin ta kai shi keke. Hannun hagun yana kumbura idan ta daɗe, sai ta jingina shi a kan filo ta huta, ta koma. Daga ciki ta ɗinka ɗan aljihu, ta yanka soso tana ragewa da almakashi kaɗan-kaɗan, tana gwadawa, har ratsin ƙirji ya miƙe daga dama zuwa hagu bai karkace ba. Kwana tara rigar nan ta ci.

Ranar Asabar da hantsi, falon yana da mata uku. Akwai shugabar wata makaranta, wadda ta shekara tara tana kawo ɗinki. Akwai matar mai gidan burodi. Akwai kuma wata ma'aikaciyar banki da ta zo gwaji. Gwana na durƙushe tana daidaita mata gindin siket, fil uku a bakinta, sai Auta ta fito daga ɗaki.

Rigar ta zauna. Kafaɗa a kan kafaɗa, wuya ya kwanta lub, ratsin gefe ya haɗu layi da layi kamar da shi aka saƙa yadin. Auta ta tsaya gaban madubin da ta yi wata takwas tana gudu. Ta juya hagu, ta juya dama, ta yi murmushi.

"Gwana, wannan karon kin ƙure kanki," in ji shugabar makaranta.

"Ni na ɗinka, Anti," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

Ma'aikaciyar bankin ta janye siket ɗinta daga hannun Gwana, ta je ta kama gefen rigar tana dubawa.

"Ke da kanki? Kin ga haɗin nan kuwa? Ni sau biyu ina kawo wa Yayarki irin yadin nan tana ce mini ba ya ɗinkuwa. Don Allah ki yi mini guda biyu."

Matar mai burodi ta yi dariya ta ce, "Ashe gwanar tana cikin ɗaki, mu muna ta layi a falo."

Wasa ta yi. Amma Gwana ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a fuska. Ta cire fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe, ta je ta tsaya bayan ƙanwarta a gaban madubi.

"Ai dole ta zauna," ta ce. "Ba jiki aka ɗinka wa ba, soso aka ɗinka wa."

"Yaya," in ji Auta.

"Ƙarya na yi? Ku taɓa ku ji. Nan gefen babu komai, an yanke tun bara. Irin soson kujera ne."

Ta kai yatsa ta danna. Soson ya goce a cikin aljihunsa ya haura sama, ratsin da Auta ta yi kwana tara tana miƙarwa ya karkace a gaban mutum uku.

Gwana ta yi dariya, tana jiran a taya ta kamar yadda aka saba. Babu wadda ta taya ta. Ma'aikaciyar bankin ta saki gefen rigar ta kalli ƙasa. Auta ba ta yi kuka ba. Ta rungume ƙirjinta da hannu biyu, ta kalli Yayarta ta cikin madubi na ɗan lokaci, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa a hankali.

"Wasa fa nake yi," in ji Gwana. "Ni na yi jinyarta, ba zan yi mata wasa ba?"

Matan suka tattara jakunkunansu.

Washegari Auta ta haɗa kayanta ta koma gidan yayansu namiji, daga baya ta kama ɗaki kusa da wurin aikinta. Gwana ta tsaya a bakin ƙofa tana faɗin, "A kan 'yar wannan maganar? Bayan duk wahalar da na sha da ke?" Auta ta ce, "Na gode da jinya, Yaya," ta wuce.

Magana ta riga ta fita. Matar mai burodi ba don mugunta ta yaɗa ba, don tausayi ne, amma duk ɗaya. Ranar da Auta ta koma kantin magani, masu sayen magani ƙirjinta suke fara kallo kafin fuskarta. Wasu su rage murya su ce, "Sannu, ashe abin da ya faru ke nan." Wata tsohuwa har ta tambaye ta wane gefen ne.

Bayan sati guda shugabar makaranta ta zo gidan Gwana. Ba ta zauna ba. Ta ce a ba ta yadinta guda huɗu da ba a yanka ba.

"Haba Anti, me ya yi zafi? Ke me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba tukuna. Shekara tara ina tuɓewa a gaban madubin nan. Kin san yadda cikina ya koma bayan haihuwa ta huɗu. Kin san tabon ƙunar da ke bayana, wanda 'ya'yana ma ba su taɓa gani ba. Wadda kuka sha nono ɗaya kin yi mata haka don an yabi rigarta. Ni ranar da na ɓata miki rai, a gaban wa za ki faɗi nawa?"

Ta karɓi yadinta ta fita.

Ɗinki bai yanke mata gaba ɗaya ba, don hannunta na nan yadda yake. Amma masu zuwa sun daina yarda ta auna su. Sai su aiko da tsohuwar riga a leda su ce a bi girmanta. Babu mai zama hira, babu mai shiga bayan labule gwaji. Tef ɗinta ya yi wata da watanni a rataye jikin ƙusa. Kayan da take ɗinkawa suka daina zama a jiki kamar da, tunda ba ta ganin jikin.

Sai da aka yi wata biyar sannan ta sauke girman kai. Ranar wata Lahadi da la'asar ta nemi ɗakin Auta.

Ƙofar a buɗe take, tun daga tsakar gida ta jiyo dariya. Ta leƙa. Auta na zaune a ƙasa da wasu mata biyu da suka haɗu a asibiti, su ma irin aikin da aka yi mata aka yi musu. Ga ƙaramin keke a kan tebur, ga yadi a shimfiɗe, tana nuna musu yadda ake yanka aljihun ciki. 'Yar shimi ce kawai a jikinta saboda zafi. Gefen hagun a shafe yake, bakin tabon ya leƙo ta hammata, ko a jikinta.

Gwana ta yi sallama.

Auta ta ɗago ta ga mai sallamar. Ta miƙa hannu kan gado, ta jawo zani, ta yafa tun daga wuya har gwiwa, sannan ta amsa.

"Yaya ce. Sannu da zuwa, shigo."

Ta ba ta kujera, ta kawo mata ruwa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da bakin zanin. Baƙin suka yi sallama suka fita. Gwana ta yi ta juya kofin a hannunta, can ta ce, "Auta, na zo ne ki yafe mini. Ban san abin da ya hau kaina ba ranar nan."

"Na yafe miki tun tuni, Yaya. Kar ki damu."

"To ki saki jikinki mana. Ni ce fa. Ni na yi miki wanka."

"Na sani."

Suka yi zancen zafin gari, suka yi zancen 'ya'yan yayansu da jarrabawarsu. Gumi yana bin wuyan Auta yana jiƙa zanin, amma ba ta sassauta hannunta ba. Da Gwana ta tashi tafiya, ta rako ta har bakin titi, ta tsayar mata da mota, ta ce ta gaida gida.

Motar ta ja. Gwana ta waiga ta taga. Auta na tsaye tana ɗaga mata hannun dama, na hagun yana nan a wuyanta, ya damƙe zanin.

Darasi: Wanda ya nuna maka rauninsa amana ya ba ka, kuma alherin da ka yi masa jiya bai ba ka lasisin tona shi yau ba. Kalma ɗaya da hassada ta fitar tana iya rushe yardar shekaru, har a yafe maka amma a daina sakin jiki da kai. Idan ka san sirrin wani, ka riƙe shi ko da ranka ya ɓaci. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda sana'arsu ke sa su ga abin da mutane ke ɓoyewa.