Dokar Tacewa ta Sarki Jatau

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda mahaifinsa ya sha ruwan rafi da matsattsaku a ciki, ta maƙale masa a maƙogwaro har ya rasu. Ranar da aka naɗa Jatau ya kafa doka: duk abin sha da zai shiga fada, ruwa ne, nono ne, kunu ne, sai an tace shi da farin ƙyalle a ƙofa. Wanda ya tsallake, a bakin ransa. Ya ɗora wani dattijon bawansa, Dandawo, a kan aikin, ana ce masa Matacin Fada. Shekaru suka tafi, kowa ya saba, ba mai tambaya.

Ana nan sai mahaifiyar sarki ta kwanta da ciwon shawara. Aka ɗauko wani mai magani daga ƙauye mai nisa, sunansa Tunau. Kullum sai ya daka saiwa, ya dama garin a ƙwarya, ya miƙa a ƙofar fada ya koma masaukinsa, don baƙo ba ya shiga cikin gida. Tsohuwa tana sha, jiki yana ƙara lalacewa, har Allah ya karɓi abinsa.

Sarki bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ni da zan zaɓa, wallahi gara ya yi ihu. Ya zauna kawai yana kallon bango, a kawo abinci a ɗauke. Da ya buɗe baki sai ya ce, a sanyaye, “Mai maganin nan ya yaudare mu. A sare kansa.”

Waziri Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamanin sarki, hukunci naka ne. Alfarma ɗaya nake roƙo: a bi ƙwaryar nan a gabanka, daga hannunsa har inda take ƙarewa, don kada a ce an kashe mutum ba a ga laifinsa da ido ba.”

Sarki ya ce, “Yi abin da ka ga dama.”

Aka kawo Tunau cikin mari, ƙafafunsa sun kumbura. Ya daka, ya dama, ya miƙa. Waziri ya sa aka kira Dandawo, ya ce, “Baba, yi aikinka yadda ka saba.” Dandawo ya shimfiɗa ƙyalle a bakin wata ƙwarya, ya juye, ya matse. Ruwa ya sauka garai-garai. Ya naɗe ƙyallen da garin da ya rage, ya juya zai fita.

Tunau ya ce, “Tsaya! Ina za ka kai wannan?”

“Juji mana. Can nake kaiwa kullum.”

Tunau ya dube shi, ya dubi ƙyallen, sai ya zauna a ƙasa ba wanda ya ba shi izini. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ai garin shi ne maganin. Ruwan don ya wuce maƙogwaro ne kawai. A garinmu ba a tace magani, ban taɓa zaton ana yi ba.”

Dandawo ya durƙusa. Ya ce, “Ni kuwa doka aka ba ni, ba a ce ban da magani ba.”

Sarki ya ce, “Waziri, kan wa za a sare?”

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, “Mai magani ya haɗa daidai. Mataci ya bi doka daidai. Na duba, ban ga na uku ba sai wanda ya kafa ta, shi kuwa bakina bai kai can ba.”

Sarki ya dubi ƙyallen da ke hannun Dandawo. Can ya ce a kwance Tunau, a ba shi riga da doki, a bar Dandawo ya je ya huta. Ya sa aka yi shela cewa daga wannan rana, ruwan rafi kaɗai za a tace. Sa'an nan ya miƙa hannu, aka sa masa jiƙaƙƙen ƙyallen. Ya buɗe, ya zuba wa garin ido.

Ya ce, “Tunau, da ta sha wannan, da ta tashi?”

Tunau ya so ya yi ƙarya, ya kasa. Ya ce, “Rai na Allah ne, ranka ya daɗe. Amma na ga waɗanda suka fi ta jin jiki sun tashi da rabinsa.”

Sarki ya gyaɗa kai, ya ce fadanci ya tashi. Haka na ji ta, ban ƙara mata komai ba.